Ranar Da Titi Ya Ƙare Wa Totur

Ko ba ka taɓa ganin Totur ba, in dai ka bi ta layinsu ka ji muryarsa. Sunan ma daga bakinsa ya samo shi, domin in ya taka magana ba ya tuna inda birki yake. Koyar da tuƙin mota ce sana'arsa. Yana da ɗan shago a tsakanin mai aski da mai walda, da allo a saman ƙofa wanda aka zana wa sitiyari mai fukafukai. A faɗarsa, babu wani abu mai inji da bai taɓa tuƙawa ba a duniyar nan. Jirgin sama ne kawai ya rage masa, shi ma ba don wuya ba, lokaci ne bai samu ba.

Abin da bai cika son a tayar ba shi ne zancen motar koyarwarsa. Wata safiya yana nuna wa wata ɗalibarsa, malamar makaranta mai yawan shiru, yadda gwani ke yin ribas ba tare da ya waiwaya ba. Ya ce kallon baya na ɗan koyo ne, gwani da jikinsa yake gani. Jikin nasa bai ga lambatun da ke bayansu ba. Tun daga ranar motar take kwance a garejin makaniki, har kyanwa ta haihu a kujerar baya, 'ya'yan suka girma suka watse. Ɗalibai ma suka watse. Malama ce kaɗai ta rage, ita ma don ta riga ta sayi mota tana ajiye a gida a lulluɓe. Kullum ta zo wucewa sai ta tsaya ta tambaye shi yaushe za a ci gaba.

Shagon kuwa ba nasa ba ne, na yayan matarsa ne, wani mai sayar da kayan gini, mai jiki, mai tsadar magana, wanda kowa ke kira Yaya har waɗanda suka girme shi. Yaya ya zo wata rana ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi kujerun da gizo-gizo ya yi wa saƙa, ya ce makarantar da ba a karatu a cikinta sito ce, shi kuma yana da buhunan siminti da ke neman wurin kwana. In wata ya mutu bai ga mutane suna shiga suna fita ba, zai aiko da simintin. Bai jira amsa ba ya tafi. Wannan ya fi komai yi wa Totur ciwo, don ya tanadi amsa mai tsawo.

Dabarar ta zo masa ne a kan kujerar aski. Akwai talabijin a bangon shagon, aka nuno wasu mutane zaune gaban kwamfuta riƙe da sitiyari, suna tuƙa motoci a cikin wasa, ga titi, ga gada, ga ruwan sama, kamar gaske. Totur ya zabura ya miƙe da rabin aski a kai. Ya ce shi ke nan, an gama. Zai buɗe makarantar tuƙi irin wadda ba a taɓa gani ba, babu fetur, babu faci, babu lambatu. Ɗalibi zai zauna a inuwa ya zagaye duniya ya dawo bai take ko kaza ba.

"Ka iya kwamfuta ne?" in ji mai aski.

"Tana da inji?"

"Na dai ji tana da fanka."

"To na iya."

Ya sallama wa makaniki abin da ya rage na motar, banda kujerar direba da bel ɗinta, waɗanda ya kwance ya ɗauko a ka har shago. Kafin ya fita sayayya matarsa ta roƙe shi abu ɗaya, in an yi masa bayani ya saurara har ƙarshe. Ya ce ai shi saurare a jininsa yake, sannan ya tsaya yana yi mata bayanin muhimmancin saurare har tukunyarta ta kama.

Mai shagon kwamfutar mace ce da ta saba da masu saye iri-iri. Ta haɗa masa komai ba gardama: akwatin kwamfuta irin ta wasa mai gilashi a gefe da fitilu masu canza launi, babban allo, sitiyari, da abin takawa mai totur da birki da kuloci. Sai da aka zo kan ma'ajiya, wato inda wasan da duk titunansa za su zauna, sannan aka samu cikas. Ta ajiye abu biyu a kan kanta. Ɗaya ɗan siriri ne kamar cingam ɗin da ba a ɓare ba. Ta ce sunansa SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma shi ya fi dacewa da wasa irin wannan da ke ɗebo titi yana shimfiɗa wa mota tana tafe, don nan take yake miƙo abin da aka nema. Ɗayan kuwa ƙarfe ne mai kauri kamar ƙaramin bulo, shi ne had-dis, a cikinsa akwai faifai da ke juyawa da 'yar allura mai bi tana karantawa. Ya fi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, amma yana da nawa, kuma ba ya son girgiza ko kaɗan. Shawararta ita ce ya ɗora wasan a kan siririn, in yana son wurin tara tarkace ya ƙara da mai faifan.

Totur bai ji rabin bayanin ba, don tun da ta ambaci juyawa hankalinsa ya yi fakin a can. Ya ɗauki siririn da yatsa biyu, ya kara a kunne ya girgiza, ya mayar yana taɓe baki. Ya ɗauki mai faifan, hannunsa ya ɗan yi ƙasa don nauyi, sai fuskarsa ta washe.

"Baiwar Allah, wannan faifan da me yake juyawa?"

"Da ɗan inji."

"Wancan kuma ba shi da inji."

"Ba shi da shi, Malam. Ba ya buƙata."

"To ni dai tunda nake ban taɓa ganin motar da ke tsaye ta tsere wa mai gudu ba. Direba ne ni. A ba ni mai inji."

Ta sake gwadawa a hankali, ta ce gudun da ake magana ba na juyawa ba ne, na saurin miƙo kaya ne. Ya ce ya gane, ya ma riga ta ganewa. Sannan ya nemi mafi girma a shagon, don yana son a zuba masa titunan wasan kaf, na kan ƙanƙara, na cikin hamada, na bakin teku, kada wani ɗalibi ya tambayi hanya a ce babu. Mafi girman da take da shi tsoho ne, an ciro shi daga na'urar kyamarorin tsaro ta wani kanti bayan ya yi shekaru yana juyawa ba hutu. Ta faɗa masa haka ƙarara, ta ce ba ta ba shi shawarar ɗauka. Wannan ma ya ƙara masa son abin. Ya ce injin da ya yi aiki shi ne inji, sabo bai san hanya ba. Matar ta ɗaga kafaɗa, ta ɗaura masa, ta zuba masa wasan, ta ce in ya canza shawara shago a buɗe yake. Shi kuma ya ce in tana son koyon mota, makaranta a buɗe take.

Ya jera kayan a shago, ya kafa kujerar direba gaban allo, ya kunna. Fitilu suka kama, ja, kore, shuɗi, har mai walda ya ajiye aiki ya leƙo. Sai wani ɗan layi ya bayyana a ƙasan allo, wanda sai ya cika sannan wasa zai buɗe. Layin ya fara cika kamar tulun da ake ɗiga wa ruwa da cokali. Mai aski ya shigo ya tsaya, ya gaji, ya koma ya yi wa wani aski har da gyaran gemu, ya dawo ya tarar layin ya ɗan matsa. Totur ya ce masa duk babban inji sai an ɗumama shi, ƙananan motoci ne ake murzawa a tashi.

"To in ya gama ɗumin a aiko a kira ni," in ji mai aski. "In ba na nan, magadana za su zo."

Da wasan ya buɗe kuwa, gaskiya abin ya yi kyau. Titi ya miƙe sumul, rana tana ƙyalli a gilashin mota. Totur ya gyara zama ya taka. Nan ne abubuwa suka soma zuwa a makare. In ya wuce wuri sai ya hangi itatuwa a madubi suna tsirowa a bayansa. Gidaje suna bayyana babu rufi, motoci suna zuwa babu taya, suna shawagi a saman kwalta. Ya ce wa mai walda haka tituna suke a ƙasashen da suka ci gaba.

Washegari Malama ta zo gwaji. Ita da yake mai tsoro ce, ta riƙa tafiya kamar mai rakiyar tsohuwa, don haka komai ya samu damar isowa kafin ta iso. Ta sha kwana lafiya, ta tsaya a danja, ta yi fakin. Totur ya ga abin ya yi daɗi da yawa ba da shi ba, ya ce ta tashi ya nuna mata yadda ake shiga gari da ƙarfin zuciya. Ya taka totur har ƙasa a kan wani fili fetal. Motar ta yi wani irin karo ta tsaya cak, gilashi ya tarwatse, alhali babu komai a gabanta. Suna cikin kallon juna sai ga katanga ta bayyana a daidai hancin motar, da fenti da komai.

Malama ta tambaya, cikin ladabi, ko a titin gaske ma katanga takan zo bayan an buge ta. Ya ce darasin ke nan, direban kirki yana tsoron abin da bai iso ba tukuna.

Bayan 'yan kwanaki had-dis ɗin ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, kamar ɓera a cikin gwangwani. Matarsa ta kawo masa abincin rana ta ji, ta ce ya kira mai shagon kwamfutar ya tambaye ta mana. Ya dube ta da tausayi. Ya ce shi da ke gane ciwon mota daga tari ɗaya, yanzu sai ya buga waya a kan injin da bai kai tafin hannu ba? Mai yake nema, ba wani abu ba. Ya kwanto ƙarfen ya jujjuya, sai ya ga wani ɗan rami kamar na allura a jikin murfin, da 'yan rubuce-rubuce ƙanana a gefensa da bai tsaya karantawa ba. Ramin shaƙar iska ne, amma Totur ya ce ga bakin zuba mai nan masu abin sun tanada. Ya aro baƙin mai a wurin mai walda, ya riƙa ɗiga masa da tsinken ashana har ya ga ya daina sha. Da ya mayar ya kunna, ƙas-ƙas ɗin ya koma wani gurnani mai kauri. Ya kara kunne ya lumshe ido, ya ce yanzu inji ya zauna.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an rabu lafiya. Mai aski ne ya tsokano sauran. Ya zauna a kujerar ya ɗan murza sitiyari, ya tashi ya ce shi bai ji mota ba. Motar da ba ta jijjiga mutum ai kujerar falo ce, ko matarsa za ta iya tuƙa ta tana tankaɗe. Maganar ta tsaya wa Totur a rai. Da yamma ya shiga gida ya daɗe yana kallon injin wankin matarsa, wanda in ya zo matse kaya yakan yi rawa har ya bar inda aka ajiye shi. Ta fito daga kicin ta same shi durƙushe a bayansa da sifana.

"Baban yara, me injina ya yi maka?"

"Aro zan yi. Zuciyarsa kawai nake so, gangar jikin na bar miki."

"Da gangar jikin zan yi wanki?"

Ya ce ta yi haƙuri, in makaranta ta kafu har wanda ke shanya da guga zai kawo mata. Ta ce ta ji, amma ya sani duk abin da ya samu injin nan, hannunsa ne zai maye gurbinsa.

Mai walda ya haɗa masa wani firam na ƙarfe a kan sifirin ɗin tsohuwar katifa, aka ɗora kujera da sitiyari da abin takawa. A ƙarƙashi aka ɗaure zuciyar injin wankin, aka liƙa masa guntun ƙarfe a gefe ɗaya don ya riƙa jijjiga da kyau. Mai walda ya ce a bar kwamfutar a kan tebur kusa da allo. Totur ya ce a ina aka taɓa ganin mota a titi injinta yana gida? Ya sa aka ɗaure akwatin tamau a jikin firam ɗin, daidai saman injin wanki. Gargaɗin nan na girgiza yana cikin rabin bayanin da bai ji ba. Kuma ba a samu damar gwadawa ba, don sai da safiyar ranar buɗewa aka gama waldar.

Totur kuwa ya riga ya bi layin shago-shago yana gayyata. Kafin hantsi wurin ya cika, wasu a benci, wasu a tsaye, wasu sun leƙo ta taga. Malama ta samu gaba. Matarsa ta tsaya daga can gefe kusa da bango, hannu a harɗe. Sai ga Yaya ya sauko daga motarsa cikin fararen kaya, direbansa ya buɗe masa ƙofa. Totur ya tare shi da murna ya sanar wa jama'a cewa babban baƙo ne zai fara tuƙi. Abin da bai sani ba, Yaya bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa, shi ya sa yake yawo da direba. Yaya ya buɗe baki zai ƙi, ya ga idanu a kansa, ya rufe. Ya hau ya zauna, sifirin suka yi kuka. Bel ya ƙi zagaye shi. Totur ya ce ya ɗan ja numfashi ciki, ya dafa da gwiwa ya danna har ya ce ƙyas.

Totur ya zaɓi titi mafi girma a wasan, na kan duwatsu, mai doguwar gada a saman kwazazzabo. Ya danna. Ɗan layin ya bayyana, ya tafi kaɗan, ya tsaya yana gurnani.

Don kada a ji shirun, Totur ya fara jawabi. Ya kawo tarihin mota tun daga taya. Ya bi da tarihin kwalta. Ya ba da labarin ranar da ya tuƙa tanka da ƙafa ɗaya don ɗayar ta yi masa barci. Ya waiwaya, layin bai kai rabi ba. Ya yi bayanin bambancin mai inji da marar inji, ya ce wata ta so ta sayar masa da cingam a matsayin ma'ajiya amma ta tarar da direba. Ya gode wa mai walda, ya gode wa mai aski, ya gode wa waɗanda suka zo da waɗanda uzuri ya hana. Ya sake waiwayawa. Ya buɗe baki, ya laluba, sai ya ji babu komai a ciki. Tunda aka san shi a layin nan ba a taɓa ganin haka ba. Mutane suka riƙa kallon juna. Mai aski ya ce ko ba a yi tuƙin ba shi dai ya ga abin da ya zo gani.

Can sai titi ya bayyana, aka tafa. Yaya ya ɗora ƙafa a hankali, mota ta motsa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar zai ƙwace masa. Ya wuce kwana ta farko, ya wuce ta biyu, duwatsu suna wucewa a gefe. Sannu a hankali kafaɗunsa suka sauka, har wani ɗan murmushi ya soma fitowa a fuskar da ba a saba gani da shi ba. Matar Totur ta sassauta hannunta. Da an bar shi haka, da simintin ya nemi wani wurin.

"Yaya, yanzu za ka ji mota," in ji Totur, ya sunkuya ya danna makunnin injin wanki.

Kujera ta ɗauki rawa. Kumatun Yaya suka kama kaɗawa, hularsa ta zamo ta rufe masa ido ɗaya. Jijjigar ta sa ƙafarsa ta zame ta danne totur har ƙasa, mota ta cilla. A cikin akwatin kuwa, allurar da ke ƙoƙarin karanta faifai mai maiƙo ta rasa inda za ta sa kanta. Itatuwa suka ɓace. Duwatsu suka zama wasu tulin toka marasa fasali. Wani allon gefen hanya ya wuce da hoton gada, alamar an kusa. Jama'a suka miƙa wuya. Titi ya zo bakin kwazazzabo ya ƙare kamar an yanke shi da almakashi. Babu gada.

Motar ta tafi a iska, ta sunkuyar da hanci, ta fara faɗuwa. Kuma ba ta daina ba, don ƙasan kwazazzabon ma bai iso ba. Fari fat ne a sama, fari fat a ƙasa, mota tana ta juyi a tsakani. Yaya ya riƙa taka birki da ƙafa biyu yana kiran sunan Allah, muryarsa tana karkarwa tare da kujera. Masu kallo suka ruɗe, wannan ya ce ya murza dama, wancan ya ce ya sa ribas. Malama ta rufe ido da jakarta.

"Kada ka tsorata, Yaya," in ji Totur da ƙarfi. "Gadar tana hanya."

Firam ɗin kuma ya tuna halin injin da ke ƙarƙashinsa, ya fara tafiya. Ya riƙa tsalle kaɗan-kaɗan yana nufar ƙofa da Yaya a kai, mutane suna darewa suna ba shi hanya. Totur ya bi shi da rarrafe yana laluben makunni, duk ya kai hannu sai abin ya matsa. Wayoyi suka miƙe, allo ya fara zamowa daga tebur, mai walda ya rungume shi. Daga cikin akwatin aka ji wata ƙara mai tsini kamar an ja cokali a bayan tukunya, allon ya yi baƙi, ƙaurin waya ya tashi. Matar Totur, wadda ta fi kowa sanin injinta, ta miƙa hannu ta zare filogi daga bango. Kujera ta tsaya a daidai bakin ƙofa, Yaya yana fuskantar titin gaske, inda masu wucewa suka tsaya suna kallonsa riƙe da sitiyari ba mota.

Bel ya ƙi buɗewa. Totur ya danna, ya ja, ya ce wannan shi ne alamar bel mai kyau. Sai da mai aski ya kawo almakashi ya yanke shi. Yaya ya sauko yana dafa ƙofa.

Da wani mai hankali ne, da ya yi shiru a nan. Totur ya ce jama'a su tsaya, kada kowa ya tafi da zato, zai buɗe injin a gaban kowa a ga inda gadar ta maƙale. Ya kwanto had-dis ɗin, ya kwance abin da ya kwantu, ya ɓanɓare sauran da kan sukudireba. Murfi ya tashi. Aka matso aka leƙa. Faifai ne mai ƙyalli, baƙin mai ya yi masa zane, ga wani zobe da allura ta ƙwarzana a jikinsa, allurar kanta ta lanƙwashe ta kwanta gefe. Totur ya ɗaga shi sama, ya karkata shi ga haske, ya juya bayansa ya duba.

"Ina gadar?" in ji Yaya.

"Tana ciki, Yaya. Ido ne ba ya gani."

Yaya ya gyara hularsa, ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi ƙanwarsa ya ce ta gaida yara. Sannan ya ce da safe a buɗe wa masu siminti ƙofa. Ya shiga mota, ya ce wa direbansa ya tafi a hankali, kuma ya bi hanyar da babu gada.

Siminti ya zo kamar yadda aka faɗa. Matar Totur ta sa aka kwance kwamfutar daga firam, ta kai ta wurin mai shagon kwamfutar da kanta, ta zauna ta saurari bayani har ƙarshe, ta dawo da siririn a ɗaure a ciki. Aka kafa kayan a kusurwar falo, kujera a ƙasa daram. Ta kafa sharaɗi: koyarwa tasa ce, amma in ta ga sukudireba a hannunsa, makaranta ta tashi. Malama ta ci gaba da zuwa, ta kawo wata abokiyar aikinta, har ta cire wa motarta lulluɓi. Wasan yanzu kafin Totur ya gyara murya ya buɗe, wanda shi a wurinsa rashin tarbiyya ne, don ba ya barin malami ya yi gabatarwa. Injin wanki kuwa ya ƙone, saboda haka duk ƙarshen mako za ka same shi a tsakar gida gaban baho, yana yi wa maƙwabta bayani ta kan katanga cewa inji yana cinye tufa, masana da hannu suke wanki.

Faifan mai aski ne ya tsince shi a shara. Ya wanke man, ya goge shi da tsumma, sai ga shi ya fi duk madubin shagonsa haske. Ya sa mai walda ya yi masa mariƙi, ya riƙa nuna wa mutane bayan kansu da shi in ya gama aski. Totur ya daɗe bai leƙa shagon ba, har suma ta tilasta shi. Ya zauna aka yi aka gama. Mai aski ya ɗauko faifan ya riƙe masa ta baya, yana jiran ya ga ko kunya za ta kama shi. Totur ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya daɗe yana duba. Sannan ya juyo ga masu jiran layi a benci.

"Kun gani ko? Ni na zaɓo shi da hannuna, ana ta hana ni. Ku gaya mini tsakani da Allah, a cikin siririn can wa zai ga ƙeyarsa?"